Shekara 11 a Jidda, wata 8 a gida, har yanzu tabarmar baƙo ake shimfiɗa mini

Direban Jidda:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa sa baki ba, yau dai abin ya cika mini ciki. Na bar Argungu a 2013 na tafi Saudiyya, direban gida nake a Jidda. Cikin shekara 11 sau biyu kacal na leƙo gida, 2016 da 2019. Bana daf da azumi na dawo gaba ɗaya. Ba kamo ni aka yi ba, ba tarhil ba ne, wato korar baƙi, kafilina, maigidan da ya ɗauki nauyin zamana, ya buga mini huruj, izinin fita, muka rabu lafiya, da ƙafata na hau jirgi.

Amma wallahi har yau ban san inda zan ajiye kaina ba. In na shiga wajen Inna sai ta ce a ɗauko sabuwar tabarma, a zubo mini abinci a kwanon da ake ajiyewa don baƙi. Ɗana mai shekara 14 in an kore shi kuɗin makaranta, wuce ni yake yi ina zaune a zaure, ya tafi wajen ƙanena. 'Yata mai shekara 7 kuwa "Baban Waya" take kirana, don a waya ta san ni. Ranar nan wayar uwarta ta yi ƙara, ta ruga da gudu tana cewa Baba ne, alhali ga ni zaune kusa da ita ina shan kunu. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, amma daren nan ban runtsa ba.

Mahaifinmu ya rasu a 2020 lokacin korona, an rufe jirage, hoton kabarinsa kawai aka turo mini. Tun daga nan ƙanena ke riƙe da gida da gonar fadama. In magana ta taso sai an gama yanke ta a zo a ce, "Yaya, dama sanar da kai za mu yi." Waɗanda suka taɓa daɗewa a waje, haka kuka ji? Yaushe yake wucewa?

Ɗan Kamba:
Alhaji ka fara fito da dabino da zamzam tukuna, ba a ba da shawara da bushewar baki 😂

Mai Shagon POS:
Ni fa ba na ɓoye-ɓoye. Yawancinku ku kuke mai da kanku baƙi. Akwai wani a unguwarmu a Jega, tun da ya dawo ba a yi hirar minti biyar da shi bai ce "a can" ba. A can wuta ba ta ɗaukewa, a can ba a zubar da shara a kwata, a can kaza. To mu da muke nan jakai ne? Mutane suka gaji suka daina zama majalisarsa. Ka binciki kanka Alhaji, ko kana yi ba ka sani ba.

Direban Jidda:
Ban musa ba ɗan'uwa, na yi a farko. Na sauka cikin zafin Maris ga azumi, ba wuta, bakina bai yi shiru ba. Kuma farashi ya ruɗa ni. Na bar litar mai a naira 97, da na zo 2019 tana 145, a ƙarshen 2024 ta haura dubu. Rana ta farko da na hau kabu-kabu na miƙa wa yaron abin da na san ana biya, ya dube ni ya ce, "Baba daga wane gari?" Amma na kama bakina tuni, abin bai canza ba.

Manomin Fadama:
Yaya, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, don ni ina ɓangaren ƙanenka ne. Wana ya yi shekara 8 tsakanin Libiya da Aljeriya, ni na zauna da tsofaffi.

Ku da ke waje lissafinku a rubuce yake: wata kaza na turo kaza. Namu ba ya rubutuwa. Wa zai rubuta daren da aka kwana a barandar asibiti ana korar sauro? Wa zai rubuta zuwa sulhu gidan mijin ƙanwa sau huɗu? Ka ce mahaifinku ya rasu a 2020. To ka tuna a damanar shekarar ne ruwa ya shanye shinkafar Kabi, daga Argungu har Bagudo mutane suna kallon gonakinsu sun koma tafki. Ke nan a shekara ɗaya ƙanenka ya binne uba, ya yi asarar gona, ga iyalinka ga nasa. Ko ka turo kuɗi, kuma na san ka turo, shi ne dai ya tsaya a gaban masu bin bashi.

Kuma noman da ka bari ba shi ne yanzu ba. Kana can aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Anchor Borrowers a nan Kabi a ƙarshen 2015, kana can aka kafa babban injin casar shinkafa a garinku, kana can aka rufe boda a 2019 shanshera ta yi daraja. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, ban-ruwa da injin fetur ya zama abin kuka, wasu suka juya injinansu zuwa gas, masu hali suka koma sola. Duk wannan shi ya sha shi a jikinsa. Yanzu ka dawo kana so a tambaye ka wane iri za a shuka? Da me za ka amsa? Ba raini ba ne Yaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma shekara 11 shi ke kwana a ɗakin.

Direban Jidda:
Maganarka ta shige ni. Amma tunda ka buɗe, bari in faɗi wadda na ɓoye. Shekara shida ina turo kuɗin gini daban da na cefane. Abin da na tarar: ɗaki uku an kai linta, ba rufi, ciyawa ta fito a tsakar falo, awaki na kwana ciki. Ban ce uffan ba har yau. In na gan shi sai maganar ta taso mini a maƙogwaro in haɗiye. Ina jin shi ma ya sani, shi ya sa ba ma haɗa ido sosai.

Malamin Firamare:
To ai ga ciwon nan, sauran duk zazzaɓinsa ne. Ka zauna da shi ku yi lissafi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don Allah Ya san halin bayinsa da dukiya. Shirun nan da kake gani kamar kawaici ne, zargi ne kake kiwo. Wataƙila yana da bayani. Buhun siminti da ka bari ƙasa da dubu biyu, a farkon 2024 ya taɓa haura dubu goma.

Mai Shagon POS:
Malam a nan ban bi ka ba. Siminti ya tashi, riyal fa zaune ya yi? Lokacin da Alhaji ya tafi riyal ɗaya naira arba'in da 'yan kai ne, a 2024 ya haura 400. Mai turo kuɗin waje tsadar nan ba ta cinye shi kamar mu ba. Kada a fake da siminti. Kullum a gabana ake cire irin kuɗin nan, na san inda wasu suke zarcewa da su, wani ma sabon aure.

Manomin Fadama:
Kai kuma ka ga ƙanensa ya cire a shagonka? Ka san ko kuɗin rufin ne aka kai asibiti lokacin jinyar tsoho, aka ji kunyar gaya masa? Mu da muka zauna a gida kullum mu ne ɓarayi a bakinku.

Mai Shagon POS:
Ban ce ɓarawo ba, kai ka faɗa. In ba rami me ya kawo maganar rami?

Mai Kula da Zaure:
Ku sassauta don Allah. Ba wanda ya san yaron nan a cikinmu, kada mu ci namansa. Alhaji shawara ya nema.

Uwar Biyu:
Duk kun taru a kan gini da gona, ba wanda ya tambayi matar gidan. Maigidana ya yi shekara 9 a Gabon. Da ya tafi ban san ko kuɗin awo ba, komai shi. Kafin ya dawo ni ke zuwa makarantar yara, ni ke kai su asibiti da dare, na fara man gyaɗa da ƙuli-ƙuli har na sayi tumaki. Ya dawo yana neman yarinyar da ya bari, wadda ko gidan maƙwabta za ta shiga sai ta jira shi. Wata shida muna zaman doya da manja. Ba ƙinsa nake ba, Allah Ya sani, na dai saba da rufe ƙofata da kaina.

Alhaji, ka taɓa zaunar da ita ka ce ta ba ka labarin shekarun nan? Ba na kuɗi ba, labari kawai. Ranar da ta haihu ba ka nan, wa ya kai ta? Ku maza in kun dawo ku ke da labari, mu sai sauraro, kamar mu barci muka yi tun tafiyarku.

Zancen yarinya kuwa, kada ka saye ta da alewa, za ta karɓa ta gudu. Ka karɓi aiki ɗaya nata ya zama naka, kamar rakiya Islamiyya kullum da la'asar. Ko ba ta yi maka magana a hanya ba, ka ci gaba. Shi kuma saurayin kada ka hana shi zuwa wajen baffansa, za ka zama wanda ya zo ya raba shi da uban da ya sani.

Malamin Firamare:
Hajiya ta yi gaskiya. Ai shi ya sa Sayyidina Umar ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya haƙurin rashin miji, ya sa wa mayaƙa iyaka, wasu ruwayoyi wata huɗu, wasu shida. Mu yanzu shekaru muke ƙirgawa. Ba laifi nake ɗora wa kowa ba, talauci ne ke kora mutane.

Ɗalibar Khartum:
Ni tawa dawowar daban ce. Ina aji huɗu a karatun likita yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, muna cikin azumi. Da 'yar jaka ɗaya na fito, littattafaina da takarduna duk suna can. Muka yi kwanaki a bakin iyakar Masar muna kwana a ƙasa kafin a bar mu mu wuce Aswan, daga nan jirgi ya kawo mu Abuja. Da na iso Birnin Kebbi gida ya cika, kowa na cewa ki gode wa Allah kin dawo da rai. Na gode Masa, har gobe. Sai dai bayan sati biyu kowa ya koma harkarsa, ni kuma in salansar babur ta yi ƙara sai in tsinci kaina a durƙushe. Ƙawayena na sakandare duk sun yi aure, hirarsu ta yaye da kishiya ce, ni ba ni da abin sakawa. Kawu, kai aƙalla ka yi sallama da inda ka baro. Ni ko maƙwabciyar da ke aiko mana da kisra, gurasar Sudan, ban san tana raye ko ba ta raye ba.

Direban Jidda:
Allah Ya saka miki da mafi alheri 'yata, Ya zaunar da Sudan lafiya. Na ji kunyar kukana da na karanta naki.

Ma'aikacin Lafiya:
Kada ka ji kunya, kowa da nauyin da ya ɗauka. Ƙanwata, wannan firgitar tana da magani, ki nemi likitan da ya san harkar damuwa, ba hauka ba ne. Alhaji kai kuma tambaya: zazzaɓi ya kama ka tun dawowarka? Wanda ya girma a nan jikinsa yana da ɗan sabo da maleriya, amma in ya yi shekaru inda babu ita sabon yana raguwa, sai ta kayar da shi fiye da wanda bai je ko'ina ba. Ka kwana a gidan sauro, in ka ji jiki ka yi gwaji kafin ka sha magani. Ka auna hawan jini ma, masu dogon tuƙi da tunani sukan kamu da shi.

Direban Jidda:
Sau biyu ta kwantar da ni a damanar nan, na biyun har da ƙarin ruwa. 'Yan gida suna ta tsokanata wai na zama Balarabe.

Ɗan Yauri a Ingila:
Ina karantawa gabana na faɗuwa. Shekarata 7 a nan, ina shirin dawowa baɗi. Yarana biyu suna jin Hausa amma da Turanci suke amsawa, ko gaisuwar durƙuso ba su iya ba. Ina tsoron ranar da za su tsaya ƙiƙam a gaban kakarsu.

Ɗan Kamba:
Ka kawo su hutu ka sake su cikin 'yan'uwansu, wata ɗaya za ka ji suna zagi da Kabanci tsantsa. Amma Alhajin Jidda, tambaya ta tsakani da Allah, in zaman ya ƙi me zai hana ka koma? Mu nan bakin boda mun saba, wasu ƙafarsu ba ta zama.

Direban Jidda:
In koma ina? Tun da aka ba mata izinin tuƙi a 2018 aikin direban gida ya fara ja baya, 'ya'yan kafilina mata biyu kowace da motarta yanzu. Unguwannin da mutanenmu suke taruwa, su Karantina da Gulel da Sabil, an rushe su wajen 2022. Inda muke zama ranar Juma'a mu ci tuwo mu ji labarin gida, fili ne fetal na baro shi. Kuma kada ku ɗauka can ɗan gari ne ni. Shekara 11 iƙama, katin izinin zama, na aljihuna ko shago zan je, yaron da na kai makaranta tun yana ƙarami in ya yi fushi "ya takruni" yake ce mini, sunan da suke kiran mutanen Afirka ta Yamma da shi.

Amma zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa a gida ba: ina kewa. Ina kewar tamis da ful, burodin Afganawa da wake, mai zafi bayan asuba. Ina kewar in ga dama bayan isha'i in kama hanya, cikin awa guda ina gaban Ka'aba. Can ina kwana da begen fura da hoce da kifin Matan Fada, yau ga su a gabana ina tunanin burodin Afganawa. Wa zan gaya wa wannan bai ce na yi butulci ba?

Baba na Gwandu:
Jikana ya karanta min zancenga duka, shi ka rubuta min amsa. Ɗana, abin ga da kaka ji ba sabo ba na. Mutanenmu sun daɗe suna tahiya gabas. Tun bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru sunka wuce, wasu sunka zauna Mai Wurno cikin Sudan, jikokinsu na can har yau. Kakana da ƙasa yat tahi Makka, ta Barno da Chadi da Sudan, shina noma shina ɗinki a hanya shina tara guzuri. Shekara bakwai. Da yad dawo an riga an yi mai sadakar arba'in, ɗiyan da yab bari goye ta kai ɗaukar tulu.

Ka san mi yay yi? Kwana ukku anka yi ana zuwa yi mai barka. Ran na huɗu yas sa ƙanenai gaba, yac ce a nuna mai duk gidan da anka yi mutuwa bayan tahiyatai. Gida gida, har ƙauyuka, wata biyu shina gaisuwar mutuwa. Inda anka yi haihuwa ya shiga ya ga ɗa. Tsohuwarmu ta ce sai da yag gama wanga zagaye sannan mutane sunka bar ce mai Alhaji baƙo.

Kai da kad dawo, mutane sun zo sun gaishe ka, ka ba su dabino da tasbaha, awo. To kai wa kat tahi wa? Tabarmar baƙo ana shimfiɗa ta ga wanda aka zo ma. Maganar gini kuwa ka yi ta, amma ba yanzu ba, kuma ba cikin gida ba. Ku tahi gona ku biyu. Ka hwara yi mai gaisuwar ubanku tukuna, don ina zaton ta waya kay yi mai.

Uwar Biyu:
Allah Ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana.

Direban Jidda:
Baba, ta waya na yi masa. Kuma da na dawo shi ya yi mini, ni ban mayar ba, ban ma lura ba sai yanzu. Jiya da dare na zauna da Inna muka ƙirga waɗanda suka rasu a dangi da unguwa tun 2019. Mutum 19. Gida uku kawai na shiga.

Mai Shagon POS:
Alhaji in na yi zafi ɗazu ka yafe ni. Ga nawa taimakon: tsohon layinka na waya da ka bari, in ya daɗe ba a amfani da shi an riga an sayar wa wani. In da shi ka buɗe asusu da BVN, ka je banki da kanka ka canza lamba, ka tabbatar sabon layin an haɗa shi da NIN ɗinka, kuma sunanka da ranar haihuwa su zo ɗaya a duka. Kada ka bari saƙon kuɗinka ya riƙa shiga wayar wanda ba ka sani ba. Sannan duk wanda ya zo maka da "harka mai riba" a shekarar nan ta farko, ka ce kuɗin sun ƙare. Suna jin ƙanshin riyal daga nesa.

Direban Jidda:
Salam jama'a, kwana tara ke nan. Na shiga gida shida. Wata tsohuwa ƙawar kakata ta daɗe tana kallona ta ce ɗan wa? Da na faɗi sunan Baba sai ta riƙe hannuna ta fashe da kuka, ta ce ita ta ɗauka nima na mutu can. Ta sa aka kawo mini fura a ƙwaryar da ita take sha.

Shekaranjiya na bi ƙanena fadama, ana gyaran fili don noman rani. Na yi masa gaisuwar Baba a bakin rijiyar burtsatse. Bai ce komai ba, ya juya baya ya daɗe yana taɓa tiyo. Can ya miƙo mini igiyar injin ya ce in tayar. Na ja sau bakwai ya ƙi, 'yan ƙwadago suna ta dariya, wai direban Makka ya kasa tada injin ban-ruwa. Ashe makunnin mai ne a rufe, kuma ina zargin da gangan ya rufe. Maganar gini ban ɗauko ba tukuna, shi ne ma da muna dawowa ya ce akwai wani littafi da yake so in duba in na samu lokaci. Ban san abin da ke ciki ba, kuma gabana na faɗuwa.

Yarinya har yanzu Baban Waya take cewa, amma jiya ita ta ɗauko mini takalmi da lokacin Islamiyya ya yi. Saurayin dai shiru, ko kallona ba ya yi.

Tambaya: wa ya san inda ake samun injin ban-ruwa mai sola na ƙwarai, Birnin Kebbi ko Jega? Man da injin nan ke sha a wuni ya ba ni tsoro.

Manomin Fadama:
Kada ka saya kai kaɗai Yaya, za su ganka da jallabiya su ninka maka. Ka tafi da shi, ka bar shi ya yi cinikin. Ku fara auna zurfin rijiyar, da shi ake zaɓen injin da yawan faranti.

Ɗan Kamba:
Kuma ka cire agogon nan na hannu kafin ku shiga kasuwa. Dabinona dai har yanzu ina jira.